Daga Khartum Zuwa Duwatsun Nuba: Inda Ake Gina wa 'Yan Mata Aji da Gayya

A watan Janairun 2023 na je Khartum domin biyan kuɗin makarantar 'yata da ke karatun likitanci a can, da kuma sama mata masauki kusa da jami'arsu. Ni malamin makaranta ne a jihar Katsina, kuma mafi yawan shekarun aikina a makarantun 'yan mata na karkara na yi su. Bayan sallar Juma'a wani dattijo ya ji ina waya da Hausa a harabar masallaci, ya tsaya har na gama, sannan ya miƙo mini hannu. Bahaushen Sudan ne, dillalin mangwaro da lemo a babbar kasuwar kayan marmari ta kudancin birnin. Kakansa ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar aikin Hajji, yana tafe yana noma a hanya, har ƙarfi ya ƙare masa a Kordofan ya zauna. Shi kansa Alhajin bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa garau take irin ta tsofaffin da, sai dai Larabcin da ke faɗowa cikinta nan da can. Da ya ji sana'ata sai ya ce lallai in bi shi garinsu a gabashin Duwatsun Nuba, cikin jihar Kordofan ta Kudu, in ga ajin da suke gina wa 'ya'yansu mata.

A lokacin baƙo ba ya shiga wannan jiha haka siddan. Sai da na kai fasfo da hotuna da wasiƙar wanda zai karɓe ni, na yi ta kai da kawowa tsakanin ofisoshi kafin a buga mini hatimi a takardar izinin tafiya, aka kuma ja mini kunne kada in ɗauki hoton gada ko bariki ko mai kaki. Alhaji ya sa na yi kwafin takardar da yawa na cusa a aljihu, ya ce kowane shinge zai karɓi ɗaya ba zai mayar ba, haka kuwa aka yi.

Mun tashi bayan asuba daga Mina al-Barri, babbar tashar motocin da ke kudancin Khartum, a doguwar bas mai sanyin da sai da na naɗe kaina da rawani. Da ya karɓo tikiti sai Alhaji ya girgiza kai ya ce kuɗin da muka biya zuwa Kosti, 'yan shekaru baya zai kai mutum bakin Bahar Maliya ya dawo da shi. Ba zuguguwa ya yi ba. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, kuɗin ƙasar, daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, a watan Yunin shekarar kuma ta janye tallafin fetur da man dizal, lokacin da na je dala ta riga ta haura fam 500. Duk abin da za a ɗora a mota a kai cikin duwatsu, daga buhun siminti har kwalin alli, yana ɗauke da wannan tsada a kansa. Hanyar ta bi gefen Farin Nilu ta wuce madatsar ruwan Jabal Auliya da aka gama a 1937, daga nan kuwa fili ne fetal na kusan kilomita 300, babu abin kallo sai raƙuma da motocin ɗaukar kaya. Dab da Rabak Alhaji ya tashe ni daga gyangyaɗi ya nuna mini mararrabar Tsibirin Aba, inda Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadi a 1881 kafin ya yi hijira da jama'arsa zuwa Dutsen Gadir, cikin duwatsun da muka nufa.

A Rabak muka sauka, domin akwai masana'antar siminti a garin, kuma a nan Alhaji zai sayi siminti da kwanon rufi da kuɗin da 'yan garinsu mazauna Khartum da Jidda suka tara. Yana can yana ciniki da direban babbar mota, ni kuwa na zauna a rumfar wata mai shayi, sai na ji yara suna faɗa da Hausa a bayana a kan wata jarka. Mahaifiyarsu ta zo ta raba su, muka gaisa. Daga jihar Shuɗin Nilu suka gudo. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke can tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin a kan ƙasa da batun sarauta, aka kashe fiye da mutum 100, a watan Oktoba kuma aka sake kashe fiye da 150 a yankin Wad al-Mahi. Matar ta ce da suka fara gudu a makaranta aka sauke su a Damazin, babban birnin jihar, suka kwana cikin aji, tabarma kusa da tabarma, ana girki da kujerun da suka karye. Babbar 'yarta tana aji biyar lokacin da abin ya faru, yanzu kuwa wanke kofunan shayi take yi. Na tambayi yarinyar ko tana son komawa, ta dubi uwarta ba ta amsa ba, uwar ce ta ce, "Malam, wa zai ƙi? Amma sai an ci ake karatu." Hausawa sun fi shekara ɗari a wannan ƙasa, tun bayan yaƙin Burmi na 1903 Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa, amma har gobe akwai masu yi musu kallon baƙi.

Muka haye gada zuwa Kosti muka kwana a wani masaukin matafiya, inda ake jera gadajen igiya a tsakar gida ana biyan kuɗin gado, ba na ɗaki ba. Da dare muka ci wake dafaffe da man riɗi da burodi, sannan na bi ƙanshi har na iske mai agashe, wato tsiren Sudan, a bakin titi, wanda bai bari na gama kame-kamen Larabcina ba ya ce, "Na nawa za a ba ka, Yallaɓai?" Sauron Kosti kuwa bai bar kowa ya runtsa ba.

Washegari muka yi yamma ta Tandalti zuwa Ummu Ruwaba, ƙasar rairayi da itatuwan ƙaro da gonakin riɗi da zoborodo. A Ummu Ruwaba hanya ta karkata kudu, kuma daga nan tafiyar ta sake kama. A watan Afrilun 2013 'yan tawaye sun kai wa garin hari, suka kuma kama Abu Karshola suka riƙe shi kusan wata guda, mutanen yankin suka watse zuwa Rahad da wasu garuruwa, saboda haka har lokacin da na je jami'an tsaro ba su saki jiki da wannan hanya ba. Shingaye suka yi ta zuwa, wani na soja, wani na 'yan sanda, wani kuma na masu karɓar haraji, waɗanda babu ruwansu da mu sai motar simintin da ke biye da mu. A wani shinge aka sauke ni ni kaɗai aka kai ni wata rumfa, inda wani matashin jami'i ya daɗe yana juya fasfona yana tambayar abin da ya kawo ɗan Najeriya cikin duwatsu, ko ƙungiya ce ta aiko ni, ko kuwa zinariya nake nema. Na ce malami ne ni, makaranta zan je gani. Ya yi dariya ya ce duk wanda ya zo haka yake cewa. Sai da Alhaji ya shigo ya ambaci sunan hakiminsu, aka buga waya, aka duba hotunan da ke cikin wayata ɗaya bayan ɗaya, sannan aka sallame mu. Ban ga an nemi ko sisi a hannuna ba, abin da ba zan iya faɗa game da wasu shingayen da na sani a gida ba, amma rana ta riga ta yi nisa.

Kafin Abbasiyya duwatsun suka fara bayyana. Ni da na saba ganin Dutsen Kwatarkwashi tsaye shi kaɗai a hanyar Gusau, na ɗauka irinsa zan gani, sai na tarar da jerin duwatsu wani bayan wani har iya ganin ido, manyan falalen dutse a kan juna, da kuka da tsamiya a tsakaninsu, da bukkoki maƙale a gefen tsauni inda mutum ba zai yi zaton akwai wurin aza ƙafa ba. Abbasiyya ita ce tsohuwar cibiyar masarautar Tagali. Daga nan muka haura Rashad, gari mai sanyi da lambunan mangwaro da lemo da gwaiba, inda Hausawa da Barebari suka yi suna wajen noman rani. A bayan Rashad muka bar kwalta muka hau bayan wata a-kori-kura tare da buhunan sukari da awaki biyu. Ƙasar wurin baƙar laka ce wadda ta dare da rani har ƙafar mutum za ta iya shigewa, kuma direban ya ce daga Yuni zuwa Oktoba babu motar da ke shiga, sai tarakta ko jaki. Wannan shi ya sa Alhaji yake ta gaggawa: duk abin da bai isa garin ba kafin ruwan farko, to sai baɗi.

Mun isa bayan magariba, jikina duk ya yi tsami. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gidan liman, mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, kowa yana tambayar labarin garin da kakansa ya fito, wani Kazaure, wani Gumel, wani Damagaram, kamar jiya suka baro. Aka kawo tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa wadda ba ta da maraba da ta gidanmu, sai kuma wata wainar dawa mai faɗi da laushi kamar takarda da suke kira kisra. Garin ba na Hausawa ba ne su kaɗai. Unguwarsu tana gindin dutse kusa da rafi, 'yan ƙabilun Nuba suna sama, Larabawan Hawazma makiyaya kuma suna sauka a gefe da rani. Da dare sanyi ya sauko daga kan dutse har sai da aka ƙara mini bargo.

Da safe liman ya kai ni kangon tsohuwar makarantar. Bango biyu ne suka rage, an kwashe kwano da tagogi, ƙirya ta tsiro a inda allo yake. A bayan kangon ya nuna mini ramuka da ƙasa ta fara cikewa, kowanne daidai tsugunnin yaro biyu ko uku. Ya ce bayan yarjejeniyar tsagaita wuta ta 2002 da ta zaman lafiya ta 2005 sun ɗauka an gama, suka gina makarantar, sai yaƙi ya dawo a watan Yunin 2011 tsakanin sojojin gwamnati da 'yan tawayen ƙungiyar SPLM ta Arewa. Garin ya faɗa tsakanin ɓangarorin biyu. Yara suka koyi gane ƙugin jirgin Antonov mai jefa bama-bamai tun daga nesa, da sun ji sai kowa ya faɗa raminsa, idan abin ya tsananta a hau dutse a shige kogo. Daga baya kowa ya tashi, ba su fara dawowa ba sai bayan da aka sake tsagaita wuta a 2016. "Ka lissafa da kanka, Malam," in ji shi. "Yarinyar da take da shekara shida ran da muka gudu ta dawo budurwa, ba ta san alifun ba, kuma uban da ya rasa gona da shanu me zai yi da ita in ba aure ba?" Ya ce akwai sa'o'in haihuwa guda a garin, mata zalla, waɗanda yanzu kowace take goye da ɗa, babu wadda za ta iya karanta rubutun da ke jikin kwalbar magani.

Makarantar yanzu kuwa rumfunan kara ne guda uku ƙarƙashin wata tsamiya. Yara na zaune a kan duwatsun da kowa ya ɗauko daga gida, allon kuma murfin tsohuwar durom ne da aka buɗe aka shafa wa baƙin fenti. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne a manyan azuzuwa mata sun ninka maza. Na ɗauka wata nasara ce ta wayar da kai, sai malamar ta ce ba haka ba ne, zinariya ce ta kwashe mazan. Da yaro ya kai shekara goma sha biyu sai ya bi yayyensa ramukan haƙar zinariya wajen Talodi da Liri, ya dawo da waya da tari, ko kuma kada ya dawo.

Malamar, wadda kowa ke kira Ustaza, 'yar garin ce, jikar wani tsohon mai unguwa. Gudun hijira ne ya kai ta Rahad, inda wata gwaggonta ta dage ta sa ta a makaranta, daga baya ta yi karatun koyarwa a Dalanj, garin da ya daɗe da suna wajen horar da malamai. Na zauna a bayan aji na kalli darasin lissafi. Da Larabci take farawa, domin shi ne harshen littafi da na jarrabawa, idan ta ga idanu sun yi zuru sai ta juya Hausa, ta sa wata yarinya daga saman dutse ta maimaita wa 'yan uwanta da harshensu. Littafi ɗaya ne a hannun yara biyar, sun kewaye shi kai da kai, biyu daga cikinsu a juye suke karanta shi. Allinta guntaye ne a cikin gwangwanin madara, kuma na lura ba ta rubuta kalmar da za ta iya faɗa da baki. Wata yarinya ta shigo a makare da ƙaninta a goye da jarkar ruwa a hannu, Ustaza ba ta ce mata komai ba, ta matsa mata wuri kawai. Daga baya ta gaya mini cewa rijiyar burtsatsen garin ta lalace, sai an je rafi an tona rairayi, wanda ya doki yarinya a kan makara to gobe ba zai gan ta ba sam. A lokacin malaman Sudan suna yajin aiki a kan albashi, makarantu da yawa a birane a rufe suke, amma ita tana zuwa, domin abin da take ci ba daga gwamnati yake fitowa ba. Kowane gida yana auna mata dawa da riɗi da kaka. Kafin ta dawo an turo malamai maza daga birni, babu wanda ya kai damina biyu, kuma iyaye ba sa barin yarinyar da ta fara girma ta zauna gaban baƙon namiji.

Ranar da motar siminti ta iso aka yi gayya. Tun da sassafe mai shela ya zaga, kafin hantsi fili ya cika. Mata da 'yan mata suka yi layi daga gindin dutse suna miƙa wa juna duwatsun harsashi, samari suna kwaɓa ƙasa, amalanken jaki yana jigilar ruwa a durom daga rafi. Jan bulon a bakin rafin suka buga shi suka gasa da kansu tun bayan girbi, saboda haka abin saye kawai siminti ne da kwano da ƙarfe. Magini ya ƙi katako ƙememe, ya ce gara za ta cinye shi kafin shekara uku, gara a sa ƙarfe ko da aji ɗaya za a rufa a bana. Simintin ma ba a yi wasa da shi ba, harsashi da kusurwoyi da saman tagogi kawai aka sa wa, sauran da laka aka ɗaura. Mutanen saman dutse sun sauko da nasu gatura da kwanduna, har da waɗanda ba Musulmi ba, makiyaya kuma suka aiko da ɗan maraƙi aka yanka. A wajenmu da an ce gina aji sai a jira ɗan kwangila da allon sanarwa mai sunan gwamna, kuma na san azuzuwan da aka yi wa fenti mai kyau waɗanda silin ɗinsu ya rufto tun kafin a ƙaddamar da su.

Da daddare aka zauna a ƙofar liman a kan ragowar kuɗin, kuma a nan ne na ji muhawarar da ta fi komai tsaya mini a rai. Alhaji da 'yan birni suna son a ƙara aji na biyu, domin shi ne abin da za a ɗauki hotonsa a tura wa waɗanda suka ba da kuɗi. Ustaza, daga inda mata suke zaune, ta nemi izini ta ce ita a ganinta a fara da ban ɗaki mai ƙofa da kuma ɗakin kwanan malama. Ta ce yaran da suka balaga sukan ɗauke ƙafa kwanaki a kowane wata saboda babu inda za su kewaya sai bayan dutse, daga ɗauke ƙafa kuma sai a daina zuwa. Ta ƙara da cewa akwai wata abokiyar karatunta da ta yarda ta zo ta taya ta, amma iyayenta ba za su bar ta ta zauna a gidan wani ba. Sai wani tsoho ya gyara murya ya juyo gare ni. "Ɗana, kai da ka ce malami ne, gaya mini. Yarinya ta gama aji shida a nan, sai kuma me? Makarantar gaba tana Rashad. In tura 'yata ta kwana a garin da ba ni da kowa, a wannan zamani?" Tambayarsa tana kan hanya. Tun 2020 Sudan ta bar tsarin shekara takwas na firamare ta koma shida da uku da uku irin namu, ƙauyen da ba shi da makarantar tsakiya kuwa karatun 'yarsa ya tsaya ke nan tana da shekara goma sha biyu, kuma dokar iyali ta 1991 ta bai wa alƙali damar amincewa da auren yarinya tun tana da shekara goma.

Na ce, "Baba, ba ni da bakin ba ka tabbaci." Na ba su labarin Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a watan Disambar 2020, da Jangebe ta jihar Zamfara, inda aka ɗauke 'yan mata 279 daga ɗakin kwanansu a watan Fabrairun 2021, da yadda aka rufe makarantun kwana bayan haka, iyaye da yawa kuma ba su sake mayar da 'ya'yansu ba ko da aka buɗe. Mu muna da gine-gine da katanga da malamai masu takardu, tsoro ya kwashe yaran. Wurin ya yi tsit, domin sun ɗauka a Najeriya an wuce wannan. Liman ne ya karɓi maganar, ya ce shi bai ga dalilin da zai sa jikokin mutanen Shehu su yi gardama a kan karatun mace ba, alhali Shehu Usmanu ya yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata a inda suke. Ya ce a lura, ita ba ta ce a kawo matan zuwa Sakkwato ba, malamai ta aika musu. Ustaza ta ce, "Kawu, a nan Sudan ma haka aka fara." Ta kawo labarin Babikir Badri, wanda ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907 da yara 17 daga gidansa da na maƙwabtansa, abin da zuriyarsa suka rena har ya zama Jami'ar Ahfad ta mata a Omdurman. Tsohon bai ce ya gamsu ba. Cewa ya yi in dai malamar tsakiya za ta zo garin, 'yarsa za ta zauna, in kuwa sai an tafi Rashad, to a bar maganar. A kan haka aka tashi: ban ɗaki biyu da ɗakin malama a bana, aji na biyu ya ci gaba da zama rumfa. Alhaji bai ji daɗi ba, amma ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin in taso na haɗu da wani saurayi daga saman dutse wanda ya gaishe ni da Turanci mai kyau. A can cikin duwatsun ya yi karatu, yankin Kauda da ke hannun mayaƙan Abdul'aziz al-Hilu, jagoran wani ɓangare na SPLM ta Arewa, wanda bai sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta Oktoban 2020 ba. A can da Turanci ake koyarwa, da manhajar Kenya ko ta Sudan ta Kudu, saboda haka takardarsa ba ta da amfani a Khartum, Larabcinsa na rubutu kuma bai kai ya zauna jarrabawar ƙasa ba. Ƙanwarsa tana ajin Ustaza. Yara biyu uwa ɗaya uba ɗaya, kowanne da harshen karatunsa da ƙasar da takardarsa za ta yi aiki. Ustaza ta roƙe shi yana koya wa 'yan aji shida Turanci sau biyu a mako, ana biyansa da kwanon dawa.

Na bar musu abin da ya rage a aljihuna bayan na ware kuɗin mota, na kuma yi alkawarin aiko da alli da littattafan rubutu daga Kosti, waɗanda na damƙa wa direban da ya kawo simintin. Dawowar ba ta da labari, in ban da tayar da ta fashe mana kusa da Abbasiyya da kuma shingayen nan da suka cinye sauran kwafin takarduna. Daga Khartum na hau jirgin Kano. A cikin azumi Alhaji ya turo mini hotuna ta WhatsApp, an rufa ajin, an sa wa ban ɗakunan ƙofofin kwano, ɗakin malama ya kai linta. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 15 ga Afrilu, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF, aka rufe makarantu a faɗin ƙasar. Tun kafin wannan yaƙi UNICEF ta ce yara miliyan 6.9 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan, zuwa watan Oktoban 2023 adadin ya kai miliyan 19. Alhaji ya bar kasuwa ya koma garinsu, 'yan birnin da ke aiko da kuɗi su ma sun zama masu neman taimako. Saƙonsa na baya-bayan nan ya ce malama ta biyun ba ta samu zuwa ba saboda hanya, wasu iyalai da suka gudo daga Khartum ne ke kwana a ɗakin da aka gina mata, Ustaza kuma tana koyarwa safe da yamma domin yaran da suka ƙaru sun fi ƙarfin aji ɗaya da rumfa biyu.